Aiki mai sassauci da aiki daga nesa: bambancinsu, da wanda ya fi dacewa da mara lafiya

Aiki mai sassauci shi ne duk wata yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki, wadda ta sauya lokacin shiga da tashi, ko yawan awannin aiki, ko ranakun zuwa, ko wurin da ake yin aikin, daga yadda aka saba a wannan ma'aikata. Aiki daga nesa kuwa abu guda kawai yake sauyawa, wato wuri. Ma'aikaci yana gida, ko wani gari, yana gudanar da aikinsa ta waya da kwamfuta da intanet.

Mutane da yawa na ɗaukar kalmomin biyu a matsayin abu ɗaya, kuma wannan ruɗani yana jawo wa marasa lafiya asara. A ɗakin duba marasa lafiya mukan ga mai ciwon ƙoda ko mai sikila ya roƙi a rubuta masa takarda cewa ya riƙa aiki daga gida. Idan aka zauna da shi aka bi makonsa rana bayan rana, sai a tarar abin da yake bukata shi ne safiyar ranar kilinik, ko a cire shi daga dutin dare. Ya nemi abin da aikinsa ba zai iya ba shi ba, an ƙi, ya koma gida da tunanin ƙofa ta rufe, alhali buƙatarsa ta gaskiya ƙarama ce da shugabansa zai iya amincewa da ita cikin minti biyar.

Inda suka rabu

Tambayoyi uku ne ke cikin kowane tsarin aiki: yaushe ake yi, na tsawon wane lokaci, kuma a ina. Aiki daga nesa yana amsa ta ƙarshe kaɗai. Sassauci yana iya taɓa kowacce daga cikinsu, saboda haka aiki daga nesa reshe ne guda na sassauci, wani lokacin ma ba ya cikinsa kwata-kwata.

Ɗauki matashin da ke zaune a Ƙofar Kware yana amsa wayar kwastomomin wani kamfani da ke Legas. Bai taɓa taka ofishinsu ba. Amma dole ya kasance a kan layi daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma, kuma manhaja na ƙirga duk mintin da ya tashi. Wannan aiki daga nesa ne, babu ko ɗigon sassauci a ciki. Idan ranar ganin likitansa ta faɗo Talata da safe, matsalarsa daidai take da ta ma'aikacin sakatariya.

Sai kuma nas a asibiti. Ba za ta iya yi wa mara lafiya allura daga gida ba. Amma idan an ba ta damar zaɓen dutin safe a watannin da take shayarwa, ko ta musanya rana da abokiyar aikinta, tana cikin tsari mai sassauci duk da cewa kullum tana wurin aiki.

Akwai tambaya ta huɗu da ta fi sauran muhimmanci ga lafiya: wa ke da ta cewa? Idan shugaba ne ke jujjuya lokutan ma'aikaci yadda ya ga dama, yau safe gobe dare ba tare da sanarwa ba, ma'aikatar ce ta samu sassauci, ma'aikacin kuma ya samu rashin tabbas. Irin wannan yana hana barci, yana rikita lokacin shan magani. Sassaucin da ke amfanar mara lafiya shi ne wanda yake da hannu wajen tsara shi, kuma ya san jadawalinsa tun kafin mako ya shigo.

Tarihinsu ma daban ne. Tsarin barin ma'aikaci ya zaɓi lokacin shiga da tashi ya fara yin suna ne a Jamus ta Yamma a 1967, a wani kamfanin ƙera jiragen sama kusa da Munich, inda cunkoson hanya da safe ya dame su. Tunanin yin aikin ofis daga nesa ta hanyar sadarwa kuma wani injiniya Ba'amurke, Jack Nilles, ya raɗa masa suna a 1973, shekarar da farashin man fetur ya tashi a duniya.

Ire-iren sassauci

Mafi sauƙi shi ne sauya lokacin shiga da tashi. Awannin ba su ragu ba, an dai matsar da su. Mai shiga 8 ya tashi 4 zai koma shiga 10 ya tashi 6, ko kuma a tsayar da wasu awanni na tsakiyar rana da dole kowa ya kasance, sauran ya cike yadda ya dace da shi. Albashi ba ya canzawa, shi ya sa shugabanni suka fi saurin yarda da shi.

Akwai matse mako, inda ake yin awannin kwana 5 cikin kwana 4. Akwai rage awanni, wanda galibi yake tafiya da rage albashi, don haka a yi lissafin kuɗin magani kafin a sa hannu. Akwai raba aiki guda tsakanin mutum biyu, da musayar duti, da komawa aiki sannu a hankali bayan doguwar jinya: rabin yini a makonnin farko, sannan a riƙa ƙarawa. Wannan na ƙarshe ba a cika amfani da shi a nan ba, kuma abin takaici ne, domin wanda aka yi wa babbar tiyata ko ya samu shanyewar ɓarin jiki ba ya tashi daga gado ya faɗa cikakken yini lokaci guda. Sannan akwai gauraye, wasu ranaku a ofis wasu a gida.

Abin da aka gwada a Najeriya

A watan Maris na 2020, lokacin korona, gwamnatin tarayya ta umarci ma'aikatanta daga mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna su yi aiki daga gida. Umarni ne daga sama don hana yaɗuwar cuta, ba wanda aka tambaya ra'ayinsa. Jihar Kaduna kuma daga 1 ga Disamba 2021 ta fara shirin mako mai kwana 4: aka tsawaita yini zuwa ƙarfe 5 na yamma, ranar Juma'a kuma ma'aikata su yi aiki daga gida. A matakin farko an ware makarantu da asibitoci. Bayan cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, Kwara da Edo sun rage ranakun zuwa ofis zuwa 3 a mako don sauƙaƙa kuɗin mota.

Duk waɗannan tsare-tsare ne na kowa da kowa, ba a ɗinka su daidai jikin wani mara lafiya ba. Kuma a lura da waɗanda aka riƙa warewa: malamai, ma'aikatan lafiya, masu gadi, direbobi. Aikinsu ba ya barin wuri. Su ne suka fi yawa a cikin masu albashin da muke gani a asibiti, kuma sassaucin lokaci kaɗai ne zai iya kaiwa gare su.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Rage awanni a watan azumi, tashi da wuri ranar Juma'a, manomin da ke shiga gona bayan asuba ya fito kafin rana ta take, duk sassaucin lokaci ne, sunan kawai ba mu ba shi ba.

Haka kuma matan cikin gari da ke ɗinkin hula, ko suyar ƙuli-ƙuli, ko dama fura a cikin gida, sana'a suke yi a gida, wadda ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Ba su da shugaban da za su nemi izininsa, amma ba su da hutun jinya mai albashi. Ranar da ciwo ya kwantar da su, ranar ba ciniki. Dukawa da 'yan kabu-kabu da masu shago a kasuwa haka suke. Abin da ke ƙasa game da daidaita aiki da ciwo ya shafe su, sai dai su ne za su yanke wa kansu hukunci.

Wane ciwo, wane tsari

Abin da ke haɗa yawancin masu ciwon da ba ya warkewa da wuri shi ne lokacin asibiti. Kilinik na ƙwararru, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato ko wani wuri, ana yin sa ne a ranakun aiki, galibi da safe. Ciro kati, layi, gwaji, karɓar magani, kafin a gama rabin yini ya tafi. Zama a gida ba ya magance wannan. Sakin safiyar ne ke magance shi.

Mai wankin ƙoda shi ne misali mafi bayyana. Kowane zama kusan awa 4 ne a kan na'ura, kuma abin da ake so shi ne sau 3 a mako, ko da yake tsada na sa mutane da yawa yin ƙasa da haka. Bayan an sauke shi akwai gajiya da jiri, wani lokacin har hawan jini ya faɗi ƙasa. Abin da ya dace da shi shi ne a ware ranakun wankin tun farko, a tara aikinsa a ranakun da ke tsakani. Idan aikin na kwamfuta ne, yin 'yan awanni daga gida da yammacin ranar wanki yana iya taimakawa, amma a matsayin ƙari.

Mai sikila abokan gabarsa su ne ƙarancin ruwa a jiki, zafi mai tsanani, sanyi, da gajiya fiye da kima. A Sakkwato daga Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40, a lokacin hunturu kuma asuba na da sanyi da ƙura. Don haka lokacin da ya fi masa kyau yana sauyawa da yanayi: a bazara ya shiga da sassafe ya kauce wa tafiya da tsakar rana, a hunturu ya ɗan jinkirta fitowa. Yana bukatar ruwa kusa da shi da damar zuwa bayi ba tare da neman izini ba. Matse mako zuwa kwana 4 masu awa 10 sau da yawa ba alheri ba ne gare shi. Sannan ciwon yakan tashi ba sallama, saboda haka yarjejeniyar ta faɗi abin da za a yi idan hakan ta faru.

Mai ciwon suga da ke allurar insulin, ko shan ƙwayoyi irin su glibenclamide, idan ya yi magani bai ci abinci a kan lokaci ba sugansa na iya faɗuwa: rawar jiki, zufa, ruɗewa, har suma. Buƙatarsa hutun cin abinci ne a tsayayyen lokaci. Dutin da ke juyawa tsakanin dare da rana yana wahalar da daidaita suga ƙwarai.

Mai farfaɗiya kuma rashin barci na daga cikin manyan abubuwan da ke tayar masa da ciwo, don haka cire shi daga dutin dare magani ne a karan kansa. Idan aikinsa tuƙi ne, ko hawa sama, ko tsayuwa kusa da wuta da injin da ke juyawa, sauya lokaci bai isa ba. Sai an sauya masa irin aikin.

Tarin tibi na cikin 'yan wuraren da aiki daga nesa ya fi dacewa kai tsaye, domin a farkon ciwon ana iya ɗaukarsa ta iska. Ga tibin da ke jin magani, haɗarin yaɗawa yana raguwa sosai bayan kimanin mako 2 ana shan magani daidai, amma likita ne zai faɗi ranar komawa cikin mutane. Maganin kansa wata 6 ne, kuma bayan an koma, abin da ake bukata shi ne lokacin karɓar magani da gwajin majina.

Ga masu ciki, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau 8. Bayan haihuwa ana so jariri ya sha nono zalla wata 6, kuma mata da yawa suna komawa aiki kafin lokacin. Tashi da wuri ko hutun shayarwa a tsakiyar yini shi ke ceto shayarwar. A yi hattara da tunanin cewa mai jego da ke aiki daga gida ta huta. Sau da yawa aikin ofis ne ya hau kan girki da raino, babu wanda aka sauke.

Masu ciwon damuwa da sauran larurorin ƙwaƙwalwa, irin waɗanda ake gani a asibitin tarayya da ke garin Kware, lamarinsu na bukatar a duba mutum ɗaya-ɗaya. Wasu magungunan na sa nauyin jiki da barci da safe, don haka jinkirta shiga aiki na taimakawa. Amma ga mai ciwon damuwa, kulle kansa a ɗaki da kwamfuta yini guda na iya ƙara masa ciwo. Fita, gaisawa da mutane, da sanin cewa ana jiransa a wani wuri, ɓangare ne na samun sauƙi. Ni dai ban cika ba irin wannan mara lafiya shawarar aiki daga gida gaba ɗaya ba.

Kada a manta da masu jinya. A asibitocinmu ɗan'uwa ne ke sayo magani, ya kai jini ɗakin gwaji, ya kawo abinci, ya kwana. Shi ma ma'aikaci ne a wani wuri, kuma babu takardar likita da ta ce ba shi da lafiya. Musayar duti ko rabin yini na ɗan lokaci ya fi masa ɓacewa daga aiki ba bayani.

Illolin da ke tattare da kowanne

Babbar illar aiki daga gida ita ce rashin iyaka. Babu lokacin tashi, saƙon WhatsApp na shigowa har bayan isha'i, awanni na taruwa ba a sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da ƙiyasi a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya jawo mutuwar mutum 745,000 a shekarar 2016 ta hanyar shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya. Idan aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17. Mai hawan jini ya riƙe wannan lissafi.

Sai zaman wuri ɗaya. Wanda ya daina fita ya daina 'yar tafiyar da yake yi, nauyi ya ƙaru, suga ya hau. Aiki da kwamfuta a kan tabarma ko katifa yana kawo ciwon wuya da baya. A samu kujera mai majingina da tebur, a ɗaga allon daidai ido, a miƙe a taka duk bayan rabin awa. Ga kuma yanayin gidajenmu: idan babu wuta, ɗaki a watan Afrilu ya fi ofis zafi. Janareto kuma kada a taɓa kunna shi a cikin ɗaki ko zaure ko dab da taga, hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari kuma tana kisa.

Sassaucin lokaci shi ma yana da farashi. Rage awanni na rage albashi, wani lokacin har ya taɓa ƙarin girma da fansho. Abokan aiki na iya ganin ana fifita mutum, musamman idan ciwon ba ya nunawa a fuska.

Me doka ta tanada?

A Najeriya babu dokar da ta ba kowane ma'aikaci haƙƙin neman aiki mai sassauci. A Birtaniya akwai: daga 6 ga Afrilu 2024 ma'aikaci na iya nema tun ranar da ya fara aiki, sau 2 a shekara, kuma dole a ba shi amsa cikin wata 2. Ko a can haƙƙin nema ne, ana iya ƙi bisa dalili.

Abin da muke da shi a Dokar Ƙwadago shi ne wannan. Sashe na 13 ya bar awannin aiki ga yarjejeniya, wanda ke nufin babu abin da ya hana a sauya su idan ɓangarorin biyu sun yarda, kuma ya ce mai aikin awa 6 ko fiye a yini yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba. Sashe na 16 ya ba da hutun rashin lafiya mai albashi har kwana 12 na aiki a shekara, idan likita mai rajista ya tabbatar. Sashe na 54 ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 tana aikin, sannan rabin awa sau 2 a yini don shayarwa. Sai dai ma'anar "ma'aikaci" a wannan doka ba ta haɗa da masu muƙaman gudanarwa da ƙwararru ba. Su takardar ɗaukar aikinsu ce ke magana, ma'aikatan gwamnati kuma ƙa'idojin aikin gwamnati, waɗanda suka fi dokar yalwa a hutun haihuwa. Akwai kuma dokar hana nuna wariya ga masu HIV ta 2014, da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Rikicin aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraronsa.

Kwana 12 ba sa kai mai wankin ƙoda ko'ina, cikin wata guda zai cinye su. Wannan ne dalilin da ya sa sauya tsarin aikin ya fi dogaro da hutun jinya.

Yadda ake nema, da takardar likita

Kafin ka je wurin shugabanka, rubuta makonka: ranakun asibiti, lokutan magani, sa'o'in da jikinka ya fi ƙarfi, da ayyukan da ke tayar maka da ciwo. Daga nan za ka ga ko matsalarka ta lokaci ce, ko ta wuri, ko ta irin aikin. Nemi abu takamaimai. "Ina roƙon shiga ƙarfe 12 ranakun Litinin da Alhamis, in cike awannin da yamma" ya fi "ina neman sassauci" saurin samun amsa. Faɗi yadda aikin zai ci gaba da wanda zai riƙe maka, ka ba da shawarar a gwada na wata 3 sannan a sake zama. Duk abin da aka amince a rubuta shi da sa hannu, domin shugaban da ya yi maka alkawarin baka ana iya yi masa canjin wurin aiki gobe.

Takardar likita ba dole ta ambaci sunan ciwonka ba. Sirrinka ne, kuma likita ba ya bayyana shi ga wurin aikinka sai da yardarka. Abin da ma'aikata ke bukatar sani shi ne abin da za ka iya, abin da ya kamata ka kauce wa, da tsawon lokacin: misali cewa kana bukatar zuwa asibiti safiya biyu a mako, ko kada a sa ka dutin dare na wata 6. Gaya wa likitan ainihin aikin da kake yi, ko tsaye kake yini ko zaune, a rana ko a inuwa, don takardar ta dace da shi. A wasu ma'aikatun, musamman na gwamnati, ana iya tura ka gaban kwamitin likitoci idan jinyar ta yi tsawo.

Akwai ranakun da babu tsarin da ya dace sai hutu cikakke. Zazzaɓi mai zafi, tashin ciwon sikila, kwanakin farko bayan tiyata, zubar jini ga mai ciki, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, duk na asibiti ne, ba na buɗe kwamfuta a kan gado ba. A irin wannan rana a sanar da wurin aiki, a karɓi takardar hutun jinya, a kashe wayar aiki har likita ya sallame ka.